Akushin da Ke Dawowa da Tuwon Sallah

Ku matso ku ji. Mai saurin kuka kuma ya tanadi bakin zanensa, don ba zan rage wa labarin nan ɗaci saboda kowa ba.

A garin Rafin Kanya an yi wani akushi da ya ƙi ɓata. Baƙi ne, tsoho, da tsaguwa a bakinsa an ɗinke ta da waya. Kowace safiyar Ƙaramar Sallah sai a tarar da shi a ƙofar ɗakin wata mata mai suna Tasallah, rufe da faifai, tuwo na tururi a ciki, ba kuwa wanda ya taɓa ganin mai kawo shi. Mijinta Malam Nomau ya haƙa rami ya binne shi, Sallah ta zagayo ga shi ya dawo. Ya ɗaura masa dutse ya jefa a gulbi, ya dawo. Ya cusa shi a murhu har ya ga ya zama toka, ai kuwa da shekara ta kewayo sai ga shi da tsaguwarsa da wayarsa. Daga nan Malam Nomau ya daina faɗa da shi. In ya zo sai ya ɗauka ya kifar a bayan gari, ya hana kowa buɗewa.

Akushin kuwa na gidan ne. Shi 'yarsu ta fari ta ɗauka ta fita da shi wata ranar Sallah, ba ta dawo ba.

Sunan yarinyar Hansatu. Ni na faɗa muku, don uwarta ba ta taɓa faɗa ba. 'Yar fari ce, kun kuwa san kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko kallonsa ma sai a sace. Ga shi kuma sunan uwar Malam Nomau aka mayar mata, sunan da Tasallah ba ta isa ta ɗora a harshenta ba tun ranar da aka kawo ta gidan. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan yarinya ɗaya. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta ba da labarinta sai ta ce "mai sunan tsohuwa". Matan gari har misali suke yi da ita, suna cewa in ana neman kunya a je gidan Tasallah.

Kada wani ya ce ba ta son ta. Wanda ya faɗi haka bai san gidan Bahaushe ba. Duk ranar da aka yanka kaza, Tasallah sai ta faki ido ta cire hantar ta tura ƙarƙashin malmalar tuwon yarinyar, inda ba mai gani. Yarinyar ta ci ta yi shiru, uwar ta kau da kai, haka suke hirarsu.

Ranar da abin ya faru, Hansatu na da shekara goma sha ɗaya. Ana ta rabon tuwon Sallah, Tasallah ta cika akushin, ta dubi bango ta ce, "A kai wannan bayan marina." Gidan wata tsohuwa Goggo Dela take nufi. To, bayan tsohuwar marina ƙofa biyu ce, ta Goggo Dela da ta wani kango da marina suka mutu suka bari. Yarinyar ta ɗan tsaya kamar za ta tambaya, amma ba ta saba mayar wa uwarta magana ba. Ta ɗauka ta fita. Goggo Dela ba ta gan ta ba.

Aka yi nema har aka gaji. Ubanta ya kira, mai shela ya zaga gari da ƙauyuka yana kira. Tasallah da kanta ta fita a guje ba mayafi har bakin marina, ta buɗe baki za ta ƙwala kira, sai ta ga taron maza, ga yayyen mijinta a gaba. Ta yi ta ihu, "Ke! Ke 'yar nan!" har muryarta ta dishe.

Shekara bakwai. A Sallah ta bakwai akushin ya makara, bai zo ba sai da maza suka tafi idi. Tasallah ta fito daga madafa ta gan shi, ba kowa a tsakar gida sai ita. Ta daɗe tsaye, sannan ta durƙusa ta ɗaga faifan. Tuwon dawa ne malmala ɗaya, da miya a gefe. Ta sa yatsa ta ɗaga malmalar. Hantar kaza ce a ƙarƙashi.

Wayyo! Ta dafe ƙirji ta zauna daɓas a ƙasa. Duk duniya mutum biyu ne suka san wannan. Ta mayar da faifan, ta share ido, ta ce wa akushin, "Don Allah, don darajar iyaye, kai ni inda ka fito."

Akushin ya juya sau ɗaya ya kama hanya, yana sulalewa a ƙasa, ita kuwa ta bi shi. Suka ratsa lunguna gari ba kowa, suka wuce gidan Goggo Dela, suka shiga kangon. A tsakiyarsa akwai wata busasshiyar rijiyar rini, akushin ya faɗa, Tasallah ta yi bisimilla ta bi shi. Ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, sai ga ta a wata ƙasa da sararinta shuɗi ne kamar zanen da aka tsamo daga baban rini. Ba rana, ba wata, haske dai ga shi ko'ina.

A gabanta wani kogi ne na shuni, kadoji masu kai biyu suna ta kai da kawowa a ciki. Tsakiyar kogin wata tsohuwa ce a tsaye mai tsawon giginya, ruwan iyakarsa gwiwarta, da ƙaton masaki a kanta. Ta sunkuyo har numfashinta ya kaɗa zanen Tasallah.

"Ya ke 'yar Adam mai bin akushi, me kika zo nema ƙasar da ba a gayyace ki ba?"

Tasallah ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, 'yata na zo nema."

"To ji sharaɗi. Hanyar nan a buɗe take muddin tuwon nan na tururi. In ya huce ta rufe, ba ta kuwa sake buɗe wa wanda ya taɓa bin ta. A kowace mashiga akwai kacici-kacici. A garinku in an kasa sai a ce an ba da gari a wuce. Nan ba a ba da gari, amsa ɗaya ce. Kin yarda?"

"Na yarda." Ta yi wuf ta ɗauki akushin ta naɗe shi a mayafi ta rungume a ƙirji. Yana ƙona ta, ta ƙara matsewa.

"Ƙulin ƙulifita?" in ji tsohuwar.

"Gauta," bakin Tasallah ya amsa da kansa, don da wannan kowane yaro ke buɗe wasan.

"Baƙo ne siriri, ba ya sallama. Kwana ashirin da tara ana jiransa da yunwa. Gari duka ya hau katanga nemansa, da an yi ido biyu da shi sai kowa ya juya masa baya ya kama daka. Wane ne?"

Nan take Tasallah ta tuna 'yarta. Duk unguwarsu ba mai kaifin idon yarinyar nan. Ita ke hawa kan rumbu da yammacin jajibere ta riga kowa gani, ta yi ta tsalle tana cewa, "Inna ga shi! Inna duba!" Ita kuwa sai ta ci gaba da tankaɗe ta ce, "A sauko kada a faɗi." Ba ta taɓa ɗaga kai ta duba ba.

"Jinjirin watan Sallah ne," ta ce.

"Kin faɗa daidai. Ni ban taɓa ganinsa ba, yarinyar da ke yi wa Magajiyarmu tuwo ce ta koya mini. Ta ce siriri ne kamar yankan farce."

"Tana da rai ke nan?"

"Ba a ɗora ni a kan wannan ba. Shiga masaki."

Tsohuwar ta ɗora ta a ka ta ratsa kogin. Kadojin suka yi ta tsalle suna kai cizo, ɗaya ya kama bakin zanenta ya yage, wani ya bangaji masakin har shuni ya fantsamo mata a fuska. Ba ta ko kare fuskar ba, akushin take karewa.

A ƙetare ta tarar da wani fili da ido ba ya ganin ƙarshensa, cike da turame, taɓare na daka da kansu ba hannun da ke riƙe da su. Ƙasa har girgiza take. Tsakanin turmi da turmi da ƙyar mutum zai wuce, taɓaren kuwa in sun tashi ba sa duba inda za su sauka, ga ƙasusuwan waɗanda suka gwada nan a warwatse. A bakin filin wani zalɓe ne tsaye, ya fi raƙumi tsawo, ƙafafunsa jawur.

"Ya ke 'yar Adam," in ji zalɓen, "kada ki yi mamakin dakan nan. Tun da yarinyar ta ba su labarin dakan jajibere suka kama, kuma da yake ba mu da wata, ba wanda ya san ranar da ake dainawa. Saurara. Ganye ne ya haife ni, turmi ya yi renona. Na kwana a ɗaure ban yi laifin kowa ba. Na shiga kore na fito ja. Ruwa ba ya korata, sai kwanaki. Mene ne ni?"

"Ƙunshin lalle," ta amsa tun bai rufe baki ba.

Zalɓen ya ɗaga ƙafa ɗaya yana yaba ta. "Ita ta ƙunsa mini. Ta ce a gidansu maƙwabciya ke ƙunsa mata, tana zaune tana hango uwarta ta ɗora ƙafar ƙanwarta a cinya. Ta ce hannun maƙwabciya ma hannu ne, sai dai da sanyi."

Tasallah ta fashe da kuka. "Wallahi ni nake daka lallen! Ni nake zaɓar mai laushin in aika da shi in ce ragowa ce!"

"Ni kike gaya wa? Ai ba ƙafata ce ta ji sanyin ba. Taka inda na taka, kada ki ƙara kada ki rage."

Ya shiga filin, duk inda ya ɗaga ƙafa sai ya bar jan sawu, ita kuwa tana sa tata a ciki. Taɓarya ta wuce ta gaban hancinta, wata ta bayan ƙeyarta. Saura taku uku su fita hawaye ya rufe mata ido, ta kuskure sawu, wata taɓarya ta sauka a kan ɗan yatsan ƙafarta ta murƙushe shi. Ta ciji leɓe ba ta saki akushin ba. Da suka fita ta ɗan ɗaga faifan ta leƙa. Tururin ya ragu da rabi.

Ta yi ta ɗingishi har ta iso ganuwar wani birni. Ƙofar a rufe, wani rago ya kwanta ya tare ta, girmansa ya kai rumbu, ƙahonsa ya naɗe sau bakwai. Bai ko tashi ba, ido ɗaya ya buɗe.

"Ya ke 'yar masu wuƙa, ban so zuwanki ba, amma doka ce. An yanka mu rana ɗaya da 'yan'uwana. Aka soya su, aka raba, aka manta da su. Ni aka rataye ni a madafa ina shan hayaƙi wata guda. Ba a sauke ni ba sai da shekara ta mutu aka haifi wata, ranar da ba a yarda kowa ya kwana da yunwa. Mece ce ni?"

Nan fa kan Tasallah ya ɗaure. Zafin ƙafa ya hana ta tunani. Ta ce a ranta ko kilishi ne, ko fata ce, ta buɗe baki ta sake rufewa, akushin kuwa sai ƙara sanyi yake a ƙirjinta. Can sai ta tuna wata 'yar ƙaramar murya a ƙofar madafa, kullum safiya bayan Babbar Sallah: "Inna, saura kwana nawa a sauke ta?" Ita kuma ta ce wa tukunya, "A daina ƙirga, a je a yi shara."

"Wutsiyar ragon layya ce," ta ce, "wadda ake ajiye wa tuwon cika-ciki."

Ragon ya yi tsaki ya miƙe, ya juya zai ture ƙofar, sai ta ga ashe gundul yake ba wutsiya. "Ku dai 'yan Adam ba ku da ta ido," ya ce. "Ku ci mutum, ku ajiye jelarsa ta sabuwar shekara. Wuce. Amma ki sani, ukun nan bakinmu kawai aka ara. Ta huɗu mai ita ce za ta yi da kanta."

Ta shiga. Gidajen birnin duk shuɗɗa ne, mutanensa dogaye, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Kowa ya ci ado, yara na yawo da akusa gida gida, amma ba kiɗa ba dariya, kwaikwayo dai suke yi na abin da aka ba su labari. Aka kai ta fada. Zauren cike yake maƙil da dattawa masu farin gemu har cibiya, sun jeru dama da hagu. A can ƙurya Magajiyar birnin na zaune a kan karaga, gashinta ya sauko ya malala a ƙasa. Kusa da ita an saki asabari, a ƙarƙashinsa ana hango ƙafafu biyu na 'yar Adam, sun taka ƙasa sosai, sun sha lalle.

Tasallah ta san ƙafafun. Sun yi girma, amma ta san su.

Wata murya ta fito daga bayan asabarin, muryar budurwa. "Inna, barka da Sallah."

Ku ji abin da sabo ke yi. Matar da ta ratsa kadoji, ta bar yatsanta a filin turame, da ta ji muryar 'yarta sai ta kau da kai gefe ta ce wa ginshiƙi, "Barka kadai. An yi Sallah lafiya?"

Magajiya ta ɗaga hannu, zauren ya yi tsit.

"Ya ke 'yar Adam, sannu da hanya. Shekara dubu muna zaune ƙarƙashin garinku, ba wanda ya taɓa yi mana sallama da abinci. Sararinmu ba wata, ba mu san ranar da ake murna ba. Rannan sai ga yarinyar nan ta shigo kangonmu, ta durƙusa ta ce, ga tuwon Sallah in ji Inna. Muka riƙe ta. Ita ke gaya mana Sallah ta zo, don jikinta na ji. Ita ta koya mana cewa abin kunya ne a mayar da akushi wofi, shi ya sa kike ganinsa. Ba mu cuce ta ba, amma ba ta taɓa dariya a nan ba. Saura kacici-kacici ɗaya. In kin ci, ki kama hannunta ku tafi, ni da kaina zan raka ku. Buɗe akushin ki ajiye a tsakiya kowa ya gani."

Tasallah ta ajiye. Tururin da ya rage siriri ne kamar zare.

Muryar bayan asabari ta ce, "Inna, na sauƙaƙa miki ita iyakar iyawata. Shekara bakwai ina gyara ta." Ta ja numfashi. "An yanka rago dominsa, gari ya ci ya yi addu'a. Nawa ne, amma a bakin mutane yake kwana. Ranar Sallah kowa na haɗa mini shi da barka, har mai tallan goro. Mutum ɗaya ce ta ɓoye shi. Ban taɓa roƙonta sabon zane ba, ban roƙi awarwaro ba, shi kaɗai na so ta ba ni goron Sallah. Mene ne?"

Hawaye ya wanke wa Tasallah shunin da ke fuskarta. "Suna ne," ta ce. "Sunanta ne."

"Rabin amsa ke nan," in ji Magajiya. "Suna da yawa a duniya. Wanne? Magana ɗaya ta rage miki."

Tasallah ta ɗago kai. Sunan na nan a ƙirjinta, shekara goma sha takwas yana nan, ba ranar da bai kwana da ita ba. Ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan dattawan nan, sahu sahu, farin gemu, duk sun zuba mata ido kamar yayyen mijinta a bakin marina. Kafin zuciyarta ta iso bakinta, hannunta ya riga ya ja mayafi ya rufe fuska, kanta ya sunkuya, harshenta ya bi hanyar da ya saba bi.

"Mai sunan tsohuwa," ta ce.

Wayyo Tasallah! Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai in ji kamar in miƙa hannu in toshe mata baki. Sabo turken wawa, ita kuwa ba wawa ba ce, tarbiyya ce aka yi mata ta kama ta da kyau. Ta ji abin da ta faɗa a daidai lokacin da kowa ya ji. Ta zabura za ta gyara, amma magana zarar bunu ce. Zaren tururin ya tsinke.

A bayan asabari aka yi wani ɗan sauti, ba kuka ba ne, irin wanda mutum ke yi in ya taka ƙaya ya daure.

Magajiya ta dubi akushin da ya huce. Da ta yi magana muryarta ta yi ƙasa. "Na so ki ci, 'yar Adam. Mu ba mu san kunya ba, doka muka sani, dokar kuwa ɗaya ce. Abin da ya shigo mana tsintuwa ne, sai wadda ta haife shi ta yi cigiyarsa da sunansa. Ranar da ta zo mun kasa kunne a bakin marina. Ubanta ya kira, mai shela ya kira, ba su muke jira ba. Ke muka ji kina cewa, ke, ke 'yar nan. 'Yar nan kuwa kowace uwa na da ita. Da kin kira ta ran nan, da kafin azahar tana gabanki tana cin hantarta."

"Ranki ya daɗe, ki tausaya! 'Yar fari ce! Sunan uwar mijina ne! Haka aka koya mini!"

"Na sani. Ita ma ta sani, kullum tana kare ki a gabanmu."

Sai iska ta taso daga cikin akushin. Ta ɗauki Tasallah sama kamar ƙaiƙayi ta yi waje da ita. Tasallah ta kai hannu ta kama ginshiƙi ya suɓuce, ta kama bakin ƙofa ya suɓuce. Ƙofar fada ta fara rufuwa, ta hango asabarin ya faɗi, ga wata doguwar budurwa ta taso a guje da hannu a miƙe, dattawa sun tare ta. A nan ne, da ba sauran abin da zai amfana, bakin Tasallah ya buɗe.

"Hansatu!"

Birnin duka ya amsa. Turamen filin suka tsaya cak.

"Hansatu! Hansatu 'yata!"

Ta ɗan tsagin da ya rage a ƙofar muryar ta fito, da kuka da dariya a haɗe, dariyar da ba a taɓa ji a ƙasar ba.

"Na'am, Inna! Na'am!"

Ƙofar ta rufe.

Masu dawowa daga idi ne suka tsince ta a kangon bayan marina, zane a yage, ƙafa na jini, tana tona busasshiyar rijiya da farce tana kiran sunan uwar mijinta da ƙarfi a gaban kowa. Mata suka rufe baki. Wasu suka ce ta taɓu, wasu suka ce Tasallah ta zubar da kunyarta a tsufa. Malam Nomau ya sa aka haƙa rijiyar gaba goma, ba a sami komai ba sai jar ƙasa. Da ta ba shi labari bai ce ƙarya ce ba, bai ce gaskiya ce ba, ya dai shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba, kuma daga ranar bai sake taɓa akushin ba.

Da Sallah ta zagayo akushin ya zo. Tasallah ta ɗaga faifan, tururi ya taso, a cikinsa wata murya ta ce a hankali, "Na'am, Inna." Ta cinye tuwon tas har da hantar, tana ci tana kuka. Ta wanke akushin ta zuba nata, ta tura hanta a ƙarƙashi, ta ɗaura ƙullin lalle mai laushi a gefe. Sannan ta sunkuya ta sa bakinta a ciki ta ce, "Hansatu," ta yi maza ta rufe da faifai kada ya fita. Kafin ta juya akushin ya tafi.

Haka suka yi shekara goma sha shida. Kira ɗaya a shekara, amsa ɗaya a shekara mai zuwa. Kowane jajibere kuma za ka ga tsohuwa mai ɗingishi ta sa an kafa mata tsani, ta hau kan rumbu tana neman jinjirin wata, jikoki na ƙasa suna roƙonta ta sauko kada ta faɗi.

Tasallah ta rasu da kaka, saura wata huɗu azumi. Safiyar Sallah ta bana gidan ya cika da 'ya'ya da jikoki, ana ta zuba tuwo, ba wanda ya tuna, sai ƙaramar 'yarta Ladidi ta yi tuntuɓe da wani abu a ƙofar ɗakin da aka rufe. Akushin ne. Tsakar gida ta yi tsit. Ladidi ta durƙusa ta ɗaga faifan, tururi ya taso, muryar ta fito da murnarta kamar kullum.

"Na'am, Inna."

Ladidi ta yi maza ta mayar da faifan ta danne da hannu biyu, don kada yayarta ta ji kukan da ake yi a gidan.